DAGA ZAUREN MAKARANTA: Soson Da Babur Ke Numfashi Da Shi

Jama'a masu karatu, iyayenmu dattawan Zango, da Alhazai 'yan kasuwa na nan Greensboro da kewayenta, mun san waɗansu za su dubi kan maganar nan su ce, mene ne ya haɗa malamin allo da injin babur? To, ku yi mana haƙuri ku ji dalili, gama ba mu muka je neman maganar ba, ita ce ta iske mu har zaure.

Ran wata Lahadi, bayan mun sallami yara, sai wani dattijo daga cikin jama'armu ya tsaya a baya, fuskarsa ba walwala. Muka ce, "Baba Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Malam, lafiya ba lau ba. An cuce ni, an cuci ɗana, wanda ya cuce mu kuwa ɗan Zango ne, sahu ɗaya mu ke tsayawa da shi."

Ga yadda abin ya ke. Ɗansa, saurayi mai shekara 19, wanda ya yi karatu a hannunmu tun yana ƙarami, ya yi wata 8 yana aikin ɗaukar kaya a wani sito, yana tara kuɗi. Uban ya cika masa, suka sayi babur na jeji, irin mai dogayen ƙafafu da taya mai gwatso-gwatso, injinsa 250, na hannu ne, daga wurin wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa. Ba a yi wata 4 ba sai babur ya fara gardamar tashi da safe. Daga nan ƙarfinsa ya ragu, ya shiga shan baƙin mai, salansa tana fid da hayaƙi, har ran da ya ƙi tashi sam. Makaniki ya buɗe, ya ce fistin da zobbansa da bawul duk sun cinye, kuɗin gyara kuwa ya kusa rabin kuɗin da aka saye shi. Sabo da haka Baba Alhaji ya yanke cewa mataccen inji aka shafa wa fenti aka sayar musu, yana so a kai magana gaban shugabannin ƙungiya. Har matan gidajen biyu sun daina gaisawa a waya.

Muka ce, "Baba, kafin a tara dattawa, mu je mu ji ta bakin injin, gani ya kori ji." Washegari muka tafi garejin, mu da shi da yaron. Makanikin mutumin Maradi ne, ya daɗe a ƙasar nan. Bai yi dogon bayani ba. Ya kama yatsanmu ya ce, "Malam, sa nan." Muka sa yatsa cikin maƙogwaron roba wanda iska ke bi ta shiga inji, muka fito da shi ja wur, yana gurza-gurza kamar an taɓa tsakuwar niƙa. Sa'an nan ya ɗauko soson da ke tace iska, wanda makanikan gida su kan kira iya-kilina, ya miƙa mana. Ga shi tsab, ba datti ko kaɗan, a bushe ƙayau, ɗinkin gefensa kuma ya fara ɗagawa. Ya dubi yaron ya ce, "Wa ke wanke wannan?" Yaro ya ce shi ne, kowane mako ma, da fetur. Ya ce, "Wane mai ka ke shafa masa bayan ka wanke?" Yaro ya yi shiru, ya dube mu ya ce, "Allah gafarta Malam, ran da muka saya na iske shi da wani abu mai danƙo shuɗi, na zaci datti ne, na wanke shi tas. Ban san ana mayarwa ba."

To, jama'a, kun ji. Ba ƙyuya ce ta kashe injin nan ba, ƙwazo ne wanda babu sani a cikinsa, shi ya sa aka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai sayarwa ya ba da babur da sosonsa a shafe yadda ya kamata. Don kada irin wannan ta sake raba waɗansu gidaje, muka zauna da makanikin nan har sau biyu, muna tambaya yana amsawa, muna rubutawa da ajami a gefen takarda kamar yadda muka saba. Ga abin da muka samo, mun juya muku shi da boko.

Da farko sai a san cewa inji mai numfashi ne, numfashinsa kuwa ba irin namu ba ne. Mutum in yana zaune ya kan shaƙi iska kamar lita 6 zuwa 8 a minti guda. Amma injin 250 yana zuƙar rubu'in lita kowane zagaye biyu. In yana zagaye 8,000 a minti, an buɗe masa wuta duka, ku yi lissafin da kanku: zuƙa 4,000, kowace rubu'in lita, ya kama lita 1,000 ke nan a minti guda. A bisa awo na nauyi kuma, kowane kilo guda na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sosai. Watau abin da inji ke ci yawancinsa iska ce, fetur ɗan mahaɗi ne kawai. Duk iskar nan kuwa ƙofa ɗaya gare ta, ita ce soson nan da bai fi ƙaramar ƙwarya girma ba.

Ina ne kuma yaranmu ke hawan waɗannan babura? A filayen tsere na jar ƙasa, da dajin gwamnati na Uwharrie da ke kudu da Asheboro, kusa da garin Troy, tafiyar awa guda da 'yan mintoci daga nan. Shugaba Kennedy ne ya mai da shi dajin ƙasa a 1961, kuma a gefen tafkin Badin akwai hanyoyi kamar mil 17 da aka keɓe don irin waɗannan ababen hawa, ana buɗe su daga wajen farkon Afrilu zuwa tsakiyar Disamba, da takardar izini ta kuɗi. Jar ƙasar wannan yanki in ta jiƙe taɓo ce mai kama ƙafa, in ta bushe kuwa sai ta zama gari, mai biye da wani a hanya ƙurarsa ya ke sha. A cikin garin ƙasar nan akwai ɓarɓashin yashi, yashi kuwa ya fi yawancin ƙarfen inji tauri. In ya shiga ya gamu da mai, sai ya zama kamar tokar da a ke goge tukunya da ita, yana cin zobba da bangon da fistin ke hawa da sauka a ciki, yana cin bakin bawul. Ba ya ƙara, ba ya ba da sanarwa, sai ran da aka taka inji ya ƙi tashi. Ƙari kuma, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu kowa ya san ƙurar nan rawaya ta furen itatuwa wadda ke rufe motoci a Greensboro, ita ma tana taimakawa wajen toshe soso.

Yanzu ga gindin maganar duka, wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun. Ba soso ne ke kama ƙura ba, man da ke jikinsa ne. Soso busasshe ramuka ne kawai, yana tare ciyawa da tsakuwa, amma ƙura mai laushi ratsa shi ta ke yi kamar ruwa a rariya. Aikinsa shi ne ya sa iska ta yi ta karkace-karkace cikin ramukansa, duk ƙwayar ƙurar da ta bugi bango mai danƙo sai ta maƙale nan. Ku dubi hancin ɗan Adam. Iyayenmu fatake da suka riƙa bin hanyar Gwanja su kan ja amawali su rufe hanci lokacin hunturu, amma abin da ya tsere wa amawali, laimar cikin hanci ce ke kama shi. Ran da hanci ya bushe, ran nan maƙogwaro ke shan wahala. Haka inji ya ke. Sabo da haka soso mai danƙo wanda bayansa ya yi baƙi yana bisa aikinsa, soso fari busasshe kuwa mai gadi ne da ya yi ado ya kwanta barci.

Masu ƙira sun daɗe da gane haka. Kamfanin Twin Air na ƙasar Holan, tun 1972 ya ke yin soso ninki biyu a manne, na waje mai manyan ramuka don manyan datti, na ciki mai ƙananan ramuka don ƙura mai laushi. Yawancin na baburan jeji a yau haka su ke. Ku riƙe maganar mannewar nan, za mu komo kanta.

To, yaya a ke wankin? Na farko, a tsai da babur a wuri mai iska, a cire sirdi ko murfin gefe, a goge ƙurar da ke kewaye kafin a taɓa kome. A kwance kusar da ke riƙe da soso, a zaro shi a hankali tare da kwandonsa, kada ƙasa ta zube ciki. Nan da nan a toshe maƙogwaron da tsumma mai tsabta, ko da murfin roba da a ke sayarwa don haka. A haska tocila ciki, a shafa da yatsa. In an ji gurza-gurza, to, ƙura ta riga ta sami hanya, sai a nemi inda ta bi. Sa'an nan a wanke akwatin da soso ke zama a ciki, don ba a sa wankakkiyar riga a ƙazamin adaka.

Na biyu, a raba soso da kwandonsa a jiƙa shi cikin ruwan wanki na musamman wanda ke narkar da tsohon mai, ana samunsa a kantunan kayan babur. Kada a yi da fetur, ko da ya ke haka muka ga ana yi a bakin titi a Kumasi da Kano. Dalili biyu ne. Ɗaya, fetur yana cin gam ɗin da aka manne ɗinkin da shi, yana kuma tsofar da soso, abin da ya sami na yaronmu ke nan. Na biyun ya fi wannan muni. Tururin fetur ya fi iska nauyi, bin ƙasa ya ke yi, ga shi kuwa gidaje da yawa a nan tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas tana cikin gareji ko kusa da shi, da 'yar wutarta a kunne. Kada garin gyaran abin dala 30 a ƙone gidan haya da yara a ciki. Akwai kuma man soso da a ke yi da man tsirrai, kamar na No-Toil, shi da garin sabulunsa da ruwa a ke wanke shi. Kowane mai da abin wankinsa, kada a gauraya.

Na uku, a sake wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanoni, sau biyu ko uku, har ruwa ya fito garau, ba yashi a gindin bokiti. Ɗauraya daga ciki zuwa waje a ke yi, domin datti ya koma ta inda ya shigo. Matsawa a ke yi cikin tafin hannu, ba a murɗa shi kamar wankin zane, murɗawa tana yaga ramukansa.

Na huɗu, a shanya shi a inuwa ya bushe sarai, in da hali ya kwana. Ban da injin busar da tufafi, ban da kusa da wuta, ban da hura masa iskar famfo mai ƙarfi. Kowane almajiri ya san in aka wanke allo aka yi rubutu kafin ya bushe, tawada ba ta zama. Haka mai ba ya kama jiƙaƙƙen soso, inda ruwa ya rage nan ƙura za ta bi bayan ruwan ya tashi.

Na biyar, kafin a shafa mai, a ɗaga shi wajen haske a duba. In akwai huda ko da ta kan allura ce, ko ɗinki ya ɗaga, ko bakinsa ya saki, ko kuwa in an murza shi yana marmashewa, to, ya gama aiki. Kada a ɗinke, kada a liƙe, a sayi sabo na ainihin irin wannan babur da shekararsa. Kuɗinsa galibi dala 30 ne ko 40, ku gwada da kuɗin fistin da bawul da ladan makaniki. A lura kuma, sabon soso yawanci a bushe ya ke zuwa, sai an shafa masa mai kafin a ɗaura, sai fa in an rubuta a ledarsa cewa an riga an shafa.

Na shida shi ne shafa man, kuma man soso a ke so, ba baƙin man inji ba. Baƙin mai ba shi da danƙo isasshe, in babur ya kwana biyu a tsaye sai ya tsiyaye ƙasa ya bar saman soso a bushe. A sa safar hannu ta roba, a jefa soso cikin leda mai tsabta, a zuba mai, a yi ta cuɗawa kamar ana kwaɓa fura, har ya ratsa ciki da waje. Don haka ne a ke sa wa man launi, shuɗi ko ja ko kore, domin inda bai kai ba ya nuna kansa. Sa'an nan a matse rarar, a dafe da takarda mai shan ruwa. Abin da a ke so shi ne ko'ina ya jiƙu amma ba ya ɗiga. In ya yi yawa inji ba zai sami iska ba, sai ya riƙa shaƙewa, fulogi ya yi baƙi. A ajiye shi ya sha iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, har ya yi danƙo.

Na bakwai, wanda mutane suka fi raina shi, shi ne mayarwa. A sa soso a kwandonsa daidai, a shafa giris siriri a bakinsa inda zai haɗu da akwati. A cire tsumman nan da aka toshe maƙogwaro da shi. Mun ce a cire tsumman nan, don makaniki ya rantse mana an sha kawo masa babur da tsumma a ciki. A zaunar da kwando, a tabbata kusar ta shiga raminta, a ɗaure, sa'an nan a zagaya da yatsa kewaye da bakin duka, har bayan da ido ba ya gani. In akwai inda yatsa ya ji rata, a kwance a sake. Iska ba ta son wahala, in ta sami ɗan tsagi za ta bar soso ta bi can da ƙurarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sau nawa a ke yi? A duba bayan kowace fita. In an yi yini cikin ƙura, ko an ratsa ruwa, a wanke, ba sai an jira ƙarshen wata ba. Dabarar masu abin ita ce su ajiye soso biyu ko uku, ɗaya a babur, sauran a shafe cikin leda a rufe, don kada gaggawar safiyar Asabar ta sa a mai da jiƙaƙƙe. Ruwan wankin da ya ƙazantu da mai kuma kada a zuba shi a magudanar titi ko bayan gida. A tara a galan a kai wurin da hukumar gari ta tanada don irin wannan shara a titin Patterson, mazauna gundumar Guilford suna da ikon kai nasu can.

Muna da kalma biyu ga iyaye. Irin wannan babur, in ba shi da lamba da fitilu da inshora, doka ba ta yarda a hau shi bisa titin gari ba a Karolina ta Arewa, kuma hular kwano tilas ce a kan titi, a jeji ma mai hankali ba ya barinta. Kada mu ga yaranmu suna ɗaga taya a unguwa, 'yan sanda su kama, a zo ana neman dattawa da tsakar dare. Wanda ya cika wa ɗansa kuɗin babur, to, ya cika masa da littafin babur ɗin, ya sa shi ya karanta masa shafin soso da Hausa. Haka a ke gane ko ya fahimta.

Ku kuma Alhazai masu loda kaya zuwa Tema da Lome da Kwatano, in kun sa babur a kwantena ku haɗa da soso na ajiya da gwangwanin mansa, ku yi wa mai karɓa bayani. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Sahara, daga Nuwamba zuwa Maris, ta fi ta nan laushi da yawa, mutanen Tamale da Maradi da Kano ba sai an gaya musu ba. Amma a duba tukuna, waɗansu babura matacinsu na takarda ne. Na takarda ba a wanke shi, ba a shafa masa mai, canzawa a ke yi.

Sauran labarin Baba Alhaji. Da muka fito daga gareji bai ce uffan ba har muka isa mota. Can ya ce, "Malam, ka raka ni gidan mutumin nan." Muka je. Ya ce masa, "Alhaji, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, na kuma faɗa wa mutane. Ka yafe mini." Shi kuwa ya ce, "Yaya, ni ma da laifina, da na sayar ban zaunar da yaron na nuna masa ba." Ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gyara bisa ganin damarsa, ba wanda ya roƙe shi. Yaron ya koma sito yana biyan saura, babur yana nan a kwance sai ya gama. Ya roƙe mu wani tsohon allo da ya tsage, ya rataye a gareji, ya ce nan zai riƙa rubuta ranar kowane wanki.

Da an tara dattawa kafin a sa yatsa a maƙogwaron nan, da yanzu wani ɗan kasuwa yana yawo da sunan macuci a Zango. Sabo da haka duk wanda abin hawansa ya lalace bayan saye, ya fara bincika hannun da ke kula da shi kafin ya kira sunan wanda ya sayar. Allah ya kiyaye mana yaranmu a hanya da jeji, ya sa albarka a kasuwa, amin. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan sarƙar babur da yadda a ke ɗaure ta.